Ba Kowane "Radical" Ne Mai Tsattsauran Ra'ayi Ba

Wani ganganci ya zama ruwan dare a Facebook, har da wasu gidajen rediyonmu: duk inda aka ci karo da kalmar Turanci "radical", sai a maka mata "mai tsattsauran ra'ayi" a wuce. Shi kuwa Bahaushe, tun rikicin Maitatsine na 1980, ballantana zuwan Boko Haram, da ya ji wannan lafazi, bindiga da bam ne ke faɗo masa a rai.

Dubi abin da ake yi wa Malam Aminu Kano. Littattafan tarihi na Turanci da wannan kalma suke siffanta shi, da ita suke siffanta NEPU da aka kafa a Kano a 1950, da PRP ta 1978. Sai yaro ya kwafo shafi, ya zuba a manhajar fassara, ya watsa wa duniya cewa Malam ɗan tsattsauran ra'ayi ne. Haba jama'a! Mutumin da makaminsa lacca ce da ƙuri'a? Laifinsa a wajen masu mulki shi ne ya ce talaka ya daina durƙusa wa zalunci, a hana aikin tilas, mace ta yi ilimi ta jefa ƙuri'a. Gwamnonin jam'iyyarsa ta PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, su suka soke haraji da jangali bayan hawansu a 1979. Abin da Bature ke nufi a nan shi ne mai neman sauyi daga tushe, don asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta saiwa. Mutanen Malam ma suna da sunansu da suka raɗa wa kansu, 'yan Sawaba. Wanda bai san wannan ba, me ya kai shi fassara tarihin Arewa?

A asibiti ma kalmar na nan. Idan likita ya rubuta ta a gaban tiyatar sankarar mama, yana nufin za a cire nonon gaba ɗaya har da kaluluwar hammata, don kada a bar saiwar cutar. A ajin lissafi sunan alamar nan ce, √. Masana harshe da ita suke kiran haruffan asali na kalmar Larabci, kamar kaf, ta da ba a cikin "kitabu". Gaskiya ne, jaridun Amurka da Ingila na amfani da ita ga masu ta'addanci, amma wannan ɗaya ce daga cikin ma'anoninta.

Don haka mai fassara, karanta jimlar gaba ɗaya kafin ka taɓa alƙalami. Tambayi kanka: wa ake magana a kai, a wace shekara, wa ya rubuta? In ɗan siyasa ne mai neman gyara, ka ce "mai ra'ayin kawo sauyi" ko "mai adawa da ra'ayin 'yan mazan jiya". In mai ɗaukar makami ne, ka faɗa ƙarara. Kai kuma mai karatu, don Allah kada ka tura irin wannan rubutu gaba sai ka ga asalin Turancinsa.