Bayan Kasuwar Alhamis: Yadda Iyalan Maigatari Za Su Ware Wa Juna Awa Ɗaya a Mako

A Maigatari, kasuwa ce ke tsara mako. Tun daga yammacin Laraba ake fara ganin shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna kwararowa daga ƙauyukan Najeriya da na Jamhuriyar Nijar, ranar Alhamis kuma kasuwar ta cika ta batse. Dillali da mai sayar da abinci da ɗan acaɓa da mai POS da mai cajin waya, kowa yana da rabonsa a wannan rana. Da yamma manyan motoci su ɗauki hanyar kudu da dabbobi, direbobi da yaran mota su yi kwanaki ba a ga ƙeyarsu ba.

Ga kuma yankin ciniki marar shinge na kan iyaka, wanda gwamnatin Jigawa ta kafa a garin a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, da harkar riɗi da zoɓo da ke jan matasa daga Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar idan kaka ta yi. Neman halal abin alfahari ne, amma yana da farashi. A gidaje da yawa uba yana fita yara na barci, ya dawo sun sake yin barci. Uwa na fama da sana'arta ta cikin gida, babban ɗa yana karatu a Dutse ko Kano, ƙanwa ta yi aure a Dungas ko Magariya. Ko an dace kowa yana gida, sau tari kan kowa a sunkuye yake a kan allon waya.

Maganin ba ya buƙatar sabuwar waya ko data mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne lokaci guda, tsayayye, da ke dawowa kowane mako kamar yadda kasuwa ke dawowa. Ba wanda ke tuna wa ɗan Maigatari cewa gobe Alhamis ce. Iyalin da suka mayar da zamansu tare haka, sun gama rabin aikin.

Wace rana ta fi dacewa?

A wannan yanki, yammacin Juma'a yana da fa'idodin da sauran ranaku ba su da su. Hayaniyar kasuwa ta lafa, kuɗin ciniki ya shigo hannu, makarantun boko suna tashi da wuri, kuma al'adar ziyarar dangi bayan masallaci daɗaɗɗiya ce a ƙasar Hausa. Tsakanin La'asar da Magariba, ko bayan Isha'i, awa ɗaya ta isa. Gidan da maigidansa ke bin mota zuwa kudu daren Alhamis na iya zaɓar Talata, kafin dabbobi su fara isowa. Abin lura kawai shi ne kada ranar ta riƙa sauyawa, domin zaman da ake ɗagawa "sai an samu lokaci" ba ya daɗewa yake mutuwa.

A nan wayar za ta fara aikinta. A buɗe zauren iyali a WhatsApp, a yi amfani da tsarin jefa ƙuri'a da manhajar ta fito da shi a 2022 domin kowa ya zaɓi rana da lokaci. Idan an tsayar, a maƙale saƙon a saman zauren, kowa kuma ya saita ƙararrawa mai maimaita kanta kowane mako. Wannan aiki ne na matashin gidan, shi da ya fi kowa sanin lungu da saƙon waya.

Kiran da ke tsallake iyaka

Mutanen Maigatari sun san ɗacin rufe iyaka. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, lokacin da Maigatari ta kasance cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe tare da Seme da Illela da Mfun. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake rufewa, har sai da Najeriya ta janye takunkumi a watan Maris na 2024. A duk waɗannan watanni, kaka da jika da ke tazarar 'yan kilomitoci sun zama kamar mazauna nahiyoyi biyu.

Kiran WhatsApp ba ruwansa da shingen kwastam. Wanda ke kan layin Najeriya da wanda ke kan layin Nijar kowa datarsa kawai zai ci, ba kuɗin kiran ƙasar waje. Kira ɗaya yana ɗaukar mutum har 32, kuma agogon ƙasashen biyu ɗaya ne, don haka ba lissafin lokaci. Sai dai idan akwai ɗan'uwa a Saudiyya, a tuna cewa suna gaba da awa biyu.

Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, tattali ya zama dole. Kiran murya ya fi na bidiyo sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a saitin manhajar, sashen ajiya da data, akwai maɓallin rage cin data yayin kira. Dabara mai kyau ita ce a kunna bidiyo minti biyu ko uku a gaisa a ga fuskar juna, sannan a koma murya. 'Yan gida kuma su taru a kan waya ɗaya a buɗe lasifika, maimakon kowa ya shiga da tasa daga ɗakinsa.

Abin da za a yi idan an zauna

Zaman da ba shi da abin yi yakan ƙare da "ya gida, ya aiki" sannan shiru. Ga abubuwan da suka dace da gidajen wannan yanki.

Na farko, ɗaukar muryar manya. Kowane mako a yi wa kaka ko baba tambaya guda: daga ina zuriyar ta taso, yaya aka yi fataucin da da raƙuma da jakuna, wane irin hawan salla suka gani a Gumel suna yara. A ɗauka da manhajar naɗar murya da ke cikin kowace waya, a sa wa fayil ɗin kwanan wata, a ajiye kwafi a Google Drive, inda kowane asusu ke da gigabait 15 kyauta. Cikin shekara guda gidan zai mallaki naɗi kusan hamsin da kuɗi ba ya saye. A nemi izinin mai maganar tukuna, kuma kada a ɗora a TikTok ba da saninsa ba.

Na biyu, musayar ilimi. Yaro ya koya wa mahaifiyarsa yadda ake tabbatar da shigar kuɗi a asusu kafin a saki kaya, ko yadda ake gane saƙon 'yan damfara. Ita kuma ta koya masa dama fura ko haɗa miyar kuka. Uba ya nuna yadda ake duba haƙoran rago a san shekarunsa. Kowa ya zama malami, kowa ya zama ɗalibi.

Na uku, wasa da kallo tare. Dara ba ta buƙatar caji, tatsuniya ma haka. Idan fim za a kalla, a sauke shi tun da wuri, a tura da Xender ko Quick Share ba tare da ƙona data ba, a kalla a allo ɗaya. Bayan an gama a tattauna, ko da minti biyar ne.

Sauran wayoyin su huta

Ƙa'idar zaman ita ce waya ɗaya tana aiki, sauran suna cikin kwano ko faifai a tsakar gida. Wanda hannunsa ke ƙaiƙayi yana da mataimaki: a wayoyin Android akwai Digital Wellbeing, a iPhone akwai Screen Time, dukansu tun 2018. Ana iya saita su su dakatar da TikTok da Facebook da Instagram a daidai wannan awa kowane mako, kiran gaggawa kuma ya ci gaba da shigowa. Haka nan suna nuna awannin da mutum ya ƙone a kowace manhaja, lissafin da kan sa mai cewa "ba ni da lokaci" ya yi shiru.

Ga ƙananan yara abin ya fi muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara 2 zuwa 4 kada zamansu gaban allo ya wuce awa ɗaya a rana, jarirai kuwa kada a ba su sam. Yaron da ya ga yayansa ya ajiye waya da kansa ya fi saurin koyi fiye da wanda ake yi wa tsawa.

Sai a kiyaye zauren iyalin. Ɓarayin asusu sukan kira su nemi lamba shida da aka turo wa mutum, su ƙwace WhatsApp ɗinsa, su shiga roƙon dangi kuɗi da sunansa. A zaman farko, matashin gidan ya bi wayar kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya kuma jaddada cewa wannan lamba ba a faɗa wa kowa ita.

Wani makon wuta za ta ɗauke, wani makon sabis zai yi rauni, wani makon direba na kan hanya tsakanin Lokoja da Legas. Wanda bai samu shiga ba ya turo saƙon murya na minti ɗaya, a saurara tare, a mayar masa da amsa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ranar da ƙafa ta kasa kaiwa, murya ta kai, a ranar da aka tsayar, a lokacin da aka tsayar.