Shin Ko Kun San? Takobi Ma Baƙo Ne a Ƙasar Hausa!

Shin ko kun san kalmar takobi daga Sahara ta gangaro mana? Buzaye suna kiran nasu takoba, kuma masana harshe sun ce a bakinsu muka tsince ta. Ku lura da "ta" ɗin nan na farko. A harshen Buzaye alamar mace ce. Takarda ma ta wannan hanya ta iso. Ashe takarda da takobi ayari ɗaya suka biyo!

Tsawonsa fa? Ya kusa mita ɗaya. Miƙaƙƙe sambal, kaifi biyu, kansa ba tsini sosai. Don sara aka ƙera shi, suka kuwa aikin mashi ne.

To ga wadda za ta ba ku mamaki. Da yawa daga cikin takubban kakanninmu a Jamus aka ƙera ruwansu, a wani gari mai suna Solingen. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta ruwan takobi kusan 50,000 ke shigowa Kano duk shekara. Dubu hamsin fa! A bayan raƙuma suke keto hamada. Nan maƙera su sa mariƙi, dukawa su ɗinka kube, sai takobi ya tashi ɗan gida. Har tambarin maƙeran Turai namu suka riƙa kwaikwaya a jikin ƙarfe.

Kun taɓa jin takobi mai suna kamar mutum? Katsina tana da shi. Gajere ke nan, takobin da ake dangantawa da Muhammadu Korau, wanda labari ya ce ya kayar da Sanau a kokawa ya karɓe sarauta daga hannun Durɓawa. Yau fiye da shekara 500. Har gobe yana cikin kayan sarautar Katsina, da rubutun Larabci a jikinsa. Daura kuma tana riƙe da wanda aka ce da shi Bayajida ya sare kan macijiya a rijiyar Kusugu.

Mutanen Malumfashi da Funtuwa ba sai an ba su labari ba. Ku dubi ayarin Galadiman Katsina ko na Sarkin Maska ranar hawan Salla. Takobi rataye a kafaɗa da hamila, ba a ƙugu ba irin na sojan Turawa. In an zo jahi a zare shi, a ɗaga sama, rana ta haske shi wal! Ni dai ban san adon da ya kai wannan kwarjini ba.

Amma inda takobi ya fi aiki yanzu, a baki ne. Manomi a Bakori ya lashi takobin sai ya cika rumbu da masara bana. Ɗalibi ya lashi takobin cin jarrabawa. Ku buɗe rediyo, da wuya a gama labarai wani gwamna bai lashi takobi ba. Kun san asalinta? Rantsuwar mazan jiya ce. Mutum ya ɗora harshe a kan ƙarfen, wato in ya saɓa, ƙarfen ya ci shi. Ku ji nauyin magana!

In kuma rigima ta lafa, ba a ambaton takobi. Ƙanwarsa ake kira: a mai da wuƙa kube.

Wataƙila ma akwai takobi a gidanku yana cin tuwo. Duk yaron da aka raɗa wa Saifullahi, sunansa Takobin Allah, laƙabin da Annabi (SAW) ya ba sahabi Khalid ɗan Walid. Saifuddini kuma Takobin Addini. Shi kuwa takobin Sayyidina Ali sunansa Zulfiƙar, kuma a kan zana shi da baki biyu, a rabe!