Dutsen Bida ko na Inji? Yadda Ake Tantance Tsofaffin Duwatsun Gilashi

Wannan 'yar muƙala ta shafi wani kayan tarihi da yake salwanta a gidajenmu ba tare da an lura ba, wato tsofaffin duwatsun wuya da jigida da ƙarau na gilashi. Ni mutumin Minna ne, kuma ban daɗe da fara tara su ba. Abin da na fahimta shi ne, galibin masu saye da masu sayarwa duk "dutsen Bida" suke kiransu, alhali kuwa da yawa ba su taɓa shiga wutar Bida ba.

Bida tana da nisan kilomita 80 da 'yan kai daga Minna. A can ne unguwar Masaga take, inda ake gadon sana'ar gilashi kaka da kakanni, kuma mutanenta suna cewa asalinsu daga Misira ne. Bajamushe Leo Frobenius ya ga aikinsu a 1911, sannan S. F. Nadel ya yi bayaninsa a littafinsa A Black Byzantium na 1942. A da, su suke dafa gilashinsu daga yashi da kanwa, wani baƙi wanda ake kira "bikini" da Nufanci. Daga baya narka kwalabe ya maye gurbinsa, domin ya fi sauƙi. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin biranen da suka shahara a sana'o'in hannu.

Su kuwa na inji, labarinsu daban ne. A 1840 wasu 'yan uwa biyu, Richard da Thomas Prosser, suka fito da dabarar matse gari a cikin ƙarfen zubi sannan a gasa. Da maɓallai aka fara, daga baya masana'antar Bapterosses da ke Briare a Faransa ta riƙa yin duwatsu da ita. Haka nan garin Jablonec na ƙasar Cek ya yi suna wajen matse narkakken gilashi. 'Yan kasuwa suka yi ta jigilarsu zuwa Afirka ta Yamma.

To, yaya za ka bambance? Fara da ramin zare. Mutumin Masaga naɗa narkakken gilashi yake yi a jikin tsinken ƙarfe, saboda haka za ka ga zane-zane suna kewaye ramin kamar an naɗa zare a kwarkwaro, wani lokaci har da baƙin ƙarfe a ciki. Ka jera guda goma, da wuya biyu su zo daidai. Na inji kuwa tamkar an tsaga kara, kuma yana da layi a inda bakin ƙarfen zubi biyu suka haɗu. Na Prosser yana da ɗan ɗamara a tsakiya, gefe ɗaya sumul, ɗayan da ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemo. Idan ido bai gani ba, farce zai ji. Ƙarau ma haka: na Bida ba shi da mahaɗi ko kaɗan, domin huda curin gilashin ake yi a yi ta faɗaɗa shi a wuta. Wanda ka gani da ƙwayoyi kamar daskararren yashi, wataƙila na mutanen Krobo ne na Gana, waɗanda suke daka kwalba su gasa garin. Roba kuwa ba ta ɓuya, a ɗan ƙwanƙwasa a haƙori, ba nauyi ba sanyi.

Tsufa shi ne ya fi wuyar ganewa. Dutsen da aka shekara hamsin ana sawa, zare ya cinye bakin raminsa ta gefe ɗaya, kuma gogewar jikinsa ba ta zama bai ɗaya. Idan ko'ina ya dushe daidai wa daida, sai a yi hattara, ana iya goga sabo da yashi. Sannan ba kowane baƙin dutse ne bikini ba, kwalba mai duhu ma tana ba da wannan launi.

Game da daraja, ba na tare da masu raina na inji. Tsohon dutsen Cek da ya zo cikin lefen kakarka yana da nasa tarihi. Sai dai an yi su da yawan gaske, don haka bai kamata a saye su da kuɗin na hannu ba. Tsaga ko ɓantarewa tana rage kuɗi, cikakken tsari a zarensa na asali ya fi warwatsattsu. Abin da ya fi komai ƙara masa daraja shi ne sanin inda ya fito. Kafin dillali ya zo ya kwashe a kan kuɗin goro, ka zauna da tsohuwar da ta mallake shi, ka rubuta sunan da take kiran kowane iri, da Hausa ko Nufanci ko Gbagyi, da shekarar da ta same shi, da wanda ya ba ta. Ka ɗaure takardar a jikin zaren.