Gargaɗi Ga Masu Turkar Shanu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi wa 'yan'uwana masu turka gargaɗi.

Bara na sayi wani sa bunaji. Don ɗokin ya yi ƙiba da wuri, rana ɗaya na zuba masa dawa har ya ƙoshi. Kashegari cikinsa ya kumbura, ya kama zawo, ya ƙi kiwo. Da ƙyar ya tashi.

Malamin dabbobi ne ya bayyana mini dalili. Cikin saniya ɗaki huɗu ne. A tumbi akwai waɗansu ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa kafin hanji ya tsotse amfaninta. In aka ɗura wa dabba hatsi farat ɗaya, sai tumbin ya yi tsami, halittun nan su mutu. Ashe kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, har mako biyu ko uku, kuma ba a yanke ciyawa.

Iri ma ya bambanta. Bunaji da bokolo sun fi jure busasshiyar ciyawar rani. Amma Firisiyan, shanun ƙasar Holan da aka yi barbararsu da bunaji a Shika, nononsu da yawa, cinsu ma da yawa. Ka bar su da tattaka kaɗai, sai su rame. Wanda ba shi da harawa da dusa da angurya, kada ya saye su.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta, Zariya.