Jari Daban, Riba Daban

Hirarmu ta yau a kan kuɗin ajiya ce, da yadda ake mai da su jari.

A ƙasar Kance, cikin jihar Damagaram, gyaɗa da rake suna cikin manyan abubuwan sayarwa. Bayan kaka, wata ta kwashi adashe, wani ya sayar da rago, sai su kama sana'a: man gyaɗa da ƙuliƙuli, ko sarin rake zuwa kasuwar Matameye.

Ga misali, ƴar'uwa. Kina da jika 30. Kada ki zuba su duka. Jika 20 su zama jari, jika 10 su zauna saboda ciwo ko tsadar hatsi da damina. Kin sayi gyaɗa, kin biya niƙa da itace, kin sayar jika 23. To, ribarki jika 3 ce kawai. In kin kashe 5 a cefane, kin ci 2 daga jari. Haka tukunya ke mutuwa, mai ita ba ta sani ba.

Amfanin yaƙi da jahilci ke nan: rubuta abin da ya shiga, da wanda ya fita, da bashin da kike bi. Mai sari a Daura kuwa, ya lissafa canjin naira tun kafin ya yanka farashi.

In jari ya kasa, akwai asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991: zubi kowane mako, rance daga akwatin ƙungiya.

Allah ya sa albarka. Sai mako mai zuwa.