Manajan Gidan Wasan Kwaikwayo: Mutumin da Ba a Tafa wa

Idan labule ya rufe, 'yan wasa ake yi wa tafi. Amma akwai wanda tun makonni kafin ranar yake ta fama: ya yi hayar zaure, ya buga tikiti, ya kai talla gidan rediyo, ya sayi man janareta, ya nemo izinin hukuma. Shi ne manaja. Darakta yana kula da abin da ke kan dandamali, shi kuwa manaja nasa duk abin da ke kewaye da dandamalin ne, musamman kuɗi.

Kuɗin ƙofa kaɗai ba kasafai yake riƙe gidan wasa ba. Kujeru suna da iyaka, albashi da kuɗin wuta kuwa ba sa jira. Don haka rabin aikin manaja neman masu ɗaukar nauyi ne, bankuna da kamfanoni da gwamnati, da kuma ba da hayar zauren ga masu taro da biki a ranakun da babu wasa. Dole ya iya lissafi, ya iya rubuta yarjejeniya, ya kuma iya lallashin ɗan wasan da ya yi fushi ana saura awa guda a fara. A Kano ma sai ya san ƙa'idojin hukumar tace finafinai da ɗab'i.

Babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu a Legas ya isa misali. An kammala shi a 1976 domin bikin FESTAC na 1977, a lokacin babban zaurensa na ɗaukar mutum 5,000. Gini na gani na faɗa, amma rashin kula ya ci shi, har babban zauren ya yi shekaru a rufe. Sai a 2020 gwamnatin tarayya ta miƙa shi ga Babban Banki da kwamitin bankuna don gyara, a 2024 kuma aka sa masa sunan Wole Soyinka. Ba a taɓa rasa 'yan wasa a Legas ba, masu riƙon gida aka rasa.

Mai sha'awar aikin yana iya karanta fannin wasan kwaikwayo a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya ko ta Ibadan. Amma kada ya raina tsayuwa a bakin ƙofa yana yaga tikiti, don a nan zai san su wa ke zuwa kallo da abin da aljihunsu zai iya.