Sabon Harsashin Farauta Ya Ja Daga da Tsohon Hannu

A cikin shekarar 2007 ne kamfanonin Ruger da Hornady na Amurka suka fito da harsashin .375 Ruger, domin ya kara da .375 H&H, wanda aka ƙera a Landan tun 1912. Kaurinsu ɗaya, wato milimita 9.5, mafi ƙanƙanta da Tanzaniya ta yarda a tunkari ɓauna ko giwa da shi.

Kwanson sabon ya fi gajarta, amma ya fi cin albarushi, saboda haka bindiga matsakaiciya mai rangwamen kuɗi takan ɗauke shi. Sai dai maharbin da harsashi ya yanke masa a ƙasashen Afirka, tsohon zai fi samu a kanti. Muddin sabon bai wadata a can ba, da wuya ya ture tsohon.